Daren Sabuwar Shekara da Kwalaben Duniya: Amsa Ga Ɗalibinmu da Ke Edinbara

Tambaya: "Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibi ne a Edinbara, wannan ne hunturuna na farko a waje. Abokan zamana a masaukin ɗalibai, akwai ɗan Rasha, ɗan Sin, 'yar Japan, ɗan Sifaniya da 'yan gari, suna shirin liyafar daren 31 ga Disamba, kowa zai kawo abin shan ƙasarsu. Sun gayyace ni, sun ce shamfen da saida ba giya ba ne sosai, kusan lemo ne. Me ya haɗa sabuwar shekara da giya haka? Mene ne waɗannan abubuwan sha, kuma da gaske akwai wanda ba ya bugarwa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da sanyi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Matambayi ba ya ɓata, kuma ka kyauta da ka tambaya tun kafin daren ya zo.

Zan fara da ƙarshen tambayarka domin shi ne mai gaggawa. Shamfen giya ce cikakkiya. Abin da ke bugarwa a cikinta ya kai kashi 12 cikin ɗari, alhali giyar kwalba da aka fi sha ba ta cika wuce kashi 4 zuwa 5 ba. Saida kuwa, a Birtaniya, ruwan tuffa ne da aka tsima, ƙarfinsa daga kashi 4 har zuwa 8. A Amurka ana iya kiran ruwan tuffa zalla da wannan suna, daga nan ruɗanin yake zuwa, amma kai a Sikotilan kake. Ba na jin abokanka yaudararka suke son yi. Wanda ya tashi inda ake shan abin da ya kai kashi 40, shamfen a wurinsa abin tsotse baki ce kawai, shi ya sa yake ce maka lemo ce. Jikinka dai bai san da wannan rarrabewar ba.

Na yi karatun likita a Rasha, na ga wannan dare sau shida a can, sannan na yi shekaru ina aikin dare a sashen taimakon gaggawa. Abin da na koya shi ne, duk yawan sunayen nan da kwalabe masu ado, abu ɗaya ne a ciki, sunansa itanol. Yis ne ke samar da shi, irin wanda mata ke sa wa ƙullun fanke da biredi. In ya sami sukari a ruwa sai ya cinye, ya fitar da itanol da iska. A biredi iskar muke so, wuta kuma ta kori mafi yawan sauran. A tukunyar giya sauran ake so. Wannan ne ma ya sa kunun zaƙi ko kunun aya da ya kwana uku a zafi yake fara kumfa da tsami mai yaji a harshe, kuma shi ya sa a hadisi aka zo da cewa jiƙon dabino ko zabibi ba a wuce kwana uku ana shansa.

Daga nan kowa da kiwon da ya karɓe shi. Inda inabi ke yi, kamar Faransa da Italiya da Sifaniya, aka matse inabi. Inda sanyi ya hana inabi, aka koma ga sha'ir da alkama da dankalin Turawa. Japan ta ɗauki shinkafa, Sin ta ɗauki dawa, Birazil da tsibiran Karebiya suka ɗauki rake, Habasha ta ɗauki zuma. Hatsi ba shi da sukari a fili, galibi sai an jiƙa shi ya yi tsiro tukuna, kuma wannan ita ce hanyar da masu burkutu ke bi da dawa a nan gida, babu bambanci da abin da manyan masana'antun Jamus ke yi da sha'ir sai na tsafta da injina. Bammi ma bai buƙatar wannan wahala, ruwan itacen da kansa yake tsimuwa cikin sa'o'i.

Yis yana da iyaka. In itanol ya kai wajen kashi 14 ko 15, yawanci shi da kansa yake mutuwa a ciki. To yaya aka yi ake samun mai kashi 40 ko 50? Ta hanyar turarawa. Itanol yana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa sai ya kai 100. In aka ɗora tsimin a wuta, tururin itanol ne ke fara tashi, sai a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Wiski da bodka da ogogoro duk 'ya'yan wannan bututun ne. Wani abu da yake ba ni sha'awa a nan: kalmar alcohol da Turawa ke kiran sinadarin da ita daga Larabci ta fito, daga al-kuhl, wato kwallin nan da iyayenmu mata ke sa wa a ido. Asali tana nufin gari mai laushi da aka tace, daga baya aka ara ta ga duk abin da aka tace har ya kai maƙura. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya nuna cewa, in aka auna da yawan itanol, wannan turararriyar barasa ita ce kusan kashi 45 na abin da duniya ke sha, giyar hatsi kashi 34, ta inabi kusan kashi 12.

Batun ranar kuwa, ɗaya ga Janairu gadon Rumawa ne. Tun shekara ta 153 kafin haihuwar Annabi Isa manyan jami'ansu suke kama aiki a ranar, kuma sunan watan na wani abin bautarsu ne mai fuska biyu, ɗaya na duban baya ɗaya na duban gaba. Yuliyus Kaisar ya tabbatar da ita a kalandarsa, Paparoma Giregori na 13 ya gyara kalandar a 1582. Sikotilan ta mayar da farkon shekara ɗaya ga Janairu a 1600, Ingila kuwa sai 1752, kafin nan 25 ga Maris take ƙirgawa. Sai ka haɗa wannan da yanayin da kake ciki yanzu. Ka ga rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. A da, manomin Turai ba shi da aikin gona a wannan lokaci, an girbe hatsi, an yanka dabbobin da ba za a iya ciyarwa ba, inabin da aka matse a Satumba da Oktoba ya gama tsimuwa. Dogon dare, ga rumbu cike, ga tulu cike. Bikin kaka ne irin na kowace al'ummar manoma, sai dai nasu ya faɗo tsakiyar sanyi. 'Yan kasuwa suka zo daga baya suka ɗora nasu.

Shamfen ita ce misalin da ya fi fito da hannun 'yan kasuwa. Sunan wani yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, kewayen garuruwan Reims da Épernay, kuma a dokar Turai in ba a can aka yi ta ba, ba za a kira ta da sunan ba. Sau biyu ake tsima ta. Bayan tsimin farko sai a ɗura a kwalba, a ƙara sukari da yis, a toshe. Iskar da yis ya fitar ba ta da mafita, sai ta narke a ciki, har matsin da ke cikin kwalbar ya ninka na tayar ƙaramar mota kusan sau uku. Da farko aibi ake ɗaukar wannan kumfa, kwalabe suna fashewa a rumbunan ƙarƙashin ƙasa. Za ka ji ana cewa wani malamin coci, Dom Pérignon, wanda ya rasu a 1715, shi ya ƙirƙiro ta. Bai ƙirƙiro ta ba, gyaran noman inabi da haɗa ire-irensa ya yi. A da, a Reims ake naɗa sarakunan Faransa, don haka giyar yankin ta sami sunan abin shan fada. A ƙarni na 19 gidajen da ke yin ta suka sayar wa sababbin masu kuɗi wannan sunan: ka fasa kwalba ɗaya, daren nan kai ma basarake ne. A 2023 wajen kwalba miliyan 300 ne suka fita daga yankin, kuma ƙarshen shekara ne kakar cinikin.

Abu biyu nake so ka riƙe game da ita a matsayina na likita. Kumfar nan tana sa itanol ya shiga jini da sauri, shi ya sa wanda bai saba ba kofi ɗaya ke juya masa kai. Na biyu, toshiyar kwalbar tana fita da ƙarfin da ke fasa ido. Na taɓa karɓar wata matashiya da asubahin ɗaya ga Janairu, jini ya taru a gaban idonta, ita ko sha ba ta yi ba, tana tsaye ne kawai a inda bakin kwalbar ya kalla. In ka ga ana girgiza kwalba, ka kauce.

Abokinka ɗan Sifaniya abin da zai kawo cava ne, 'yar'uwar shamfen da aka fi yi a Kataloniya, ƙarfinsu kusan ɗaya. Amma al'adar da suka fi ji da ita ba ta sha ba ce: 'ya'yan inabi goma sha biyu ake ci, ɗaya a kowane bugun agogon dandalin Puerta del Sol na Madrid. Inabi ɗanye ne, 'ya'yan itace kamar kowane. 'Yan Italiya prosecco suke sha, Jamusawa Sekt, duk dangi ɗaya ne.

Garin da kake kuwa, ka faɗo tsakiyar abin. Hogmanay suke kiran daren, kuma a Sikotilan ya daɗe yana gaban Kirsimeti. Dalili shi ne cocinsu ta ƙi bikin Kirsimeti bayan ta ɓalle daga ɗarikar Katolika, majalisarsu ta hana hutunsa a 1640, bai zama ranar hutu ba sai 1958. Duk ɗokin tsakiyar hunturu sai ya koma kan sabuwar shekara, har 2 ga Janairu ma hutu ne a wurinsu. Za ka ga titin Princes ya cika maƙil, ana harba wutar wasa daga saman tsohuwar fadar da ke kan dutse. Suna da wata al'ada ta wanda zai fara taka ƙofar gida bayan sha biyun dare. An fi so ya zama dogon namiji mai baƙin gashi, ya shigo da gawayin kwal don ɗumi, da biskit ko burodi don abinci, da wiski. Kada ka yi mamaki in wani maƙwabci ya roƙe ka ka zama kai ne. Wiskin nasu daga tsiron sha'ir ake yin na asali, a turara, a ajiye a gangar katako aƙalla shekara uku kamar yadda doka ta ce, kuma ba ya kasa kashi 40. Ma'anar sunan a tsohon harshensu ita ce "ruwan rai". Ƙasar ta san tsadar wannan ruwa. Sama da mutum 1,200 ne barasa ta kashe kai tsaye a Sikotilan a 2023, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba, kuma tun 2018 gwamnatinsu ta sa mafi ƙarancin farashin da za a iya sayar da ita don rage sha.

Na Rasha shi na sani da idona. Gwamnatin Sobiyet ta danne Kirsimeti, sannan a 1935 ta dawo da bishiyar ado a matsayin ta sabuwar shekara, sai komai ya tattaru a dare ɗaya. A 1936 aka yanke shawarar a yi wa talaka shamfen mai araha a masana'anta, aka sa mata suna Sovetskoye Shampanskoye, har yau ana sayar da ita. Kafin sha biyu shugaban ƙasa zai yi jawabi a talabijin, sai agogon Kremlin ya fara bugawa. Wasu kan rubuta burinsu a 'yar takarda, su ƙona, su zuba tokar a kofi, su shanye kafin bugu na ƙarshe. Bayan nan bodka ke karɓar fage, kashi 40, fara tas kamar ruwa, sunanta ma daga kalmar ruwa yake. Ba a kurɓarta, kwankwaɗa ake yi lokaci guda, kowane kofi da jawabin fatan alheri, hutun kuma ya kan kai har 8 ga Janairu. Mutane ne masu karamci ƙwarai, kuma karamcin ne ke sa ƙin karɓa ya yi nauyi. Uwar wani abokin karatuna, da ta gane ba na sha, ba ta ja zancen ba. Shekara ta gaba na tarar ta tanadar mini kwalbar lemon yara mai kumfa da ake sayarwa musamman don wannan dare, ta ajiye kusa da farantina. Ban manta da ita ba.

Ɗan Sin zai ba ka mamaki, don abin da ke cikin kwalbarsa dawa ce, irin wadda muke tuwo da ita. Baijiu suke kiranta. Ana turara dawar, a gauraya da wani curin hatsi mai ɗauke da yis da ƙwayoyin tsimi, a binne a rami ko a tulu ta tsimu, sannan a turara a tatsi barasar. Ƙarfinta yakan kama daga kashi 40 zuwa 60. Wadda ta fi suna, Moutai ta lardin Guizhou, kashi 53 ce. Saboda yawan mutanen Sin, babu wata turararriyar barasa da ake sha a duniya kamar baijiu, duk da cewa da yawa a Turai ba su taɓa jin sunanta ba. A 'yan ƙananan kofuna ake zuba ta, a ce ganbei, wato a busar da kofi. Babbar sabuwar shekararsu ma ba wannan ba ce, tasu ta wata ce, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ga wani abin amfani gare ka da 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou da Yiwu: a al'adarsu akwai tsohuwar magana ta maye gurbin giya da shayi, kuma karɓaɓɓiya ce a teburin girmamawa. Suna da miliyoyin Musulmi a ƙasarsu, ba baƙon abu ba ne a wurinsu mutum ya ɗaga kofin shayi.

Wajen 'yar Japan ne nake so ka fi buɗe ido, domin nasu a siffar magani da abinci yake zuwa. Tun 1873 suka koma ɗaya ga Janairu. Da safiyar ranar iyali kan sha otoso, wato sake, giyar shinkafa mai wajen kashi 15, da aka jiƙa wa saiwoyi da kayan ƙamshi. Daga ƙarami ake farawa zuwa babba, da niyyar korar cutar shekara. Za ta iya ce maka maganin gargajiya ne, kuma gaskiya ta faɗa a fahimtarta, amma giya ce. Akwai kuma amazake, wani farin abin sha mai ɗumi kamar kunun shinkafa. Iri biyu ne: wanda aka yi da shinkafa da ƙwayar tsimi kaɗai, kusan babu itanol a ciki, da wanda aka yi da dusar da ta rage bayan an tace sake, shi yana da saura. A ido ba ka bambanta su. Mirin da suke zubawa a miya, na asalin, ya kai kashi 14. In akwai ɗan Koriya, koren kwalbar da ke hannunsa soju ce, tsakanin kashi 16 zuwa 20, ba ta da ɗaci sosai, shi ya sa take kayar da mutane ba su ankara ba. Za ka kuma lura wasu daga gabashin Asiya fuskarsu na yin ja da kurɓa kaɗan. Gado ne, wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen yankin hantarsu ba ta iya kawar da gubar da itanol ke rikiɗewa zuwa gare ta da sauri. In ana tsokanar irin wannan a ƙara masa, ka tsaya masa.

Kada kuma ka ɗauka duk duniya haka take shiga shekara. Habashawa a Satumba suke tasu, da furanni da gahawa, ko da yake akwai tej, giyar zuma, a gidaje da yawa. Iraniyawa suna Nowruz a 20 ko 21 ga Maris da shimfiɗar abubuwa bakwai. Mu kuma watan Muharram muke da shi da cika-ciki. 'Yan'uwanmu Kiristoci a gida, da yawansu a coci sha biyun dare ke riskarsu. Rahoton nan na 2018 ya ce kashi 57 cikin ɗari na mutanen duniya masu shekara 15 zuwa sama ba su sha barasa ba a shekarar da ta gabaci ƙirgar. A cikin ɗakin nan za ka ji kamar kai kaɗai ne, alhali a duniya ku ne masu rinjaye.

Inda ɗalibanmu suka fi faɗawa ba a kwalba ba ne, a faranti ne da babban kwano. Haɗin lemo da 'ya'yan itace da ake ɗiba da ludayi a liyafa, sau da yawa an zuba masa bodka ko barasar rake. Jan abin sha mai zafi da ke ƙamshin kirfa da kanumfari a kasuwar Kirsimeti giyar inabi ce aka dafa. Kek ɗin Kirsimeti na Birtaniya ana yawan shayar da shi barasa, haka tiramisu na Italiya, haka wasu cakulan masu ruwa a ciki. Za a ce maka wuta ta ƙone ta. Ba ta ƙonewa duka. Gwajin da aka yi a Amurka ya nuna bayan minti 15 ana dahuwa wajen kashi 40 na barasar na nan, sai an kai sa'a biyu da rabi kafin ta sauko kashi 5. Ka koyi duba jikin kwalba ko gwangwani, wurin da aka rubuta lamba da alamar kashi. Wasu da aka rubuta ba su da barasa suna iya ɗaukar har kashi 0.5. Irn-Bru, lemon nan ruwan goro da 'yan Sikotilan ke alfahari da shi, lemo ne zalla. Ka buɗe abinka da hannunka, kuma kofin da ka ajiye ka juya baya, ka bar shi.

Hukuncin sha ba ɓoyayye ba ne gare ka, aya ta 90 a Suratul Ma'ida da hadisin cewa abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haram ne. Akwai kuma hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagaya giya. Ni likita ne, fatawar zuwa ko ƙin zuwa ta malamai ce, kuma babban masallacin Edinbara yana nan Potterrow, dab da jami'a. Ka je ka zauna da liman, ya saba da irin tambayarka. Shawarar da zan ba ka a matsayin yaya ita ce, kada ka fake da ƙarya. Wanda ya ce magani yake sha, wata mai zuwa za a sake miƙo masa. Ka ce, "Ni Musulmi ne, ba na sha," sau ɗaya, da fara'a. Sannan kada ka bar zumuncin ya mutu a nan, don waɗannan mutane sun gayyace ka ne saboda sun ɗauke ka nasu. Tun da kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kai ma ka yi naka: ran ɗaya ko biyu ga wata ka dafa musu dafa-duka, ka nemo zoɓo a shagon 'yan Afirka, ka haɗa shi da citta da kanumfari, ka kira su.

Ko ka je ko ba ka je ba, a ginin nan za ka kwana, kuma mai yiwuwa kai kaɗai ne mai cikakken hankali da ƙarfe uku na dare. Don haka ka san abin da ke faruwa a jikinsu. Hanta ce ke sarrafa itanol, kuma tafiyarta ɗaya ce, wajen giram 8 zuwa 10 a sa'a, abin da bai kai ƙaramin kofin shamfen ɗaya ba. Gahawa ba ta ƙara mata sauri, wankan ruwan sanyi ba ya yi, amai ma ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga jini. Wanda ya sha da yawa har biyun dare, da hantsi ma bai dace ya tuƙa mota ba, kada ka shiga motarsa. Ɗumin da mashayi ke ji yaudara ce: jijiyoyin fata ne suka buɗe, zafin jiki yana tsiyayewa waje. A Rasha na ga samari da aka tsinto a kan ƙanƙara, aka yanke musu yatsu. Zuciya ma tana rikicewa, bugunta ya watse bayan shan dare ɗaya ko ga mai lafiya, abin da wani likitan Amurka, Philip Ettinger, ya bayyana a 1978 bayan ya lura masu irin wannan suna yawaita a lokutan hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 saboda barasa, miliyan biyu daga ciki maza ne, kuma a Janairun 2023 ta ce babu wani adadi da za a kira marar illa ga lafiya. Tun 1988 aka sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji.

Akwai kuma wadda ta fi wannan muni, barasar da ba a san asalinta ba. Metanol ɗan'uwan itanol ne, kamanninsu ɗaya, ƙamshinsu kusan ɗaya, amma cokali ɗaya zuwa biyu na iya makantar da mutum, ƙari kaɗan ya kashe. A Disambar 2016 sama da mutum 70 suka mutu a Irkutsk ta Rasha bayan sun sha wani ruwan wanka mai ɗauke da shi. A 2015 ogogoro mai guba ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. A Nuwambar 2024 matasa 'yan yawon buɗe ido shida suka mutu a Vang Vieng ta ƙasar Laos. Alamun metanol kan jinkirta sa'a 12 zuwa 24: ciwon ciki, haki, da gani dishi-dishi kamar ana hazo. Wanda ya tashi washegari yana cewa idonsa ba ya gani sosai, asibiti za a kai shi nan take.

In ka tarar da ɗayansu a kwance, ka kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza kafaɗarsa. In bai farka ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa da sau takwas a minti, ko yana yankewa, ko leɓensa ya sauya launi, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko yana amai bai san yana yi ba, ka buga 999, lambar agajin gaggawa. Kada ka ji tsoron za a yi masa faɗa ko a kore shi daga masauki, ma'aikatan motar asibiti ceton rai suka zo yi. Ka faɗa musu abin da ya sha, musamman in ka san ya haɗa da ƙwayar barci ko tramadol ko kodin, domin waɗannan da barasa tare suke danne numfashi. Kada ka bar shi rigingine, da yawa aman kansu ne ke shaƙe su. Ka juya shi kan gefensa, ka lanƙwasa gwiwarsa ta sama don kada ya mirgina, ka ɗan ɗaga haɓarsa hanyar iska ta buɗe. Kada ka ɗura masa ruwa ko gahawa, kada ka sa shi tafiya. Ka lulluɓe shi da bargo, ka zauna kusa da shi kana duban ƙirjinsa har su iso.